Filastar Kinesiyo: Amfaninta da Iyakarta ga Mai Rauni

 



Gabatarwa

Duk mai kallon ƙwallon Turai ya saba ganin ɗan wasa da wani ƙyalle mai launi liƙe a gwiwa, ko a cinya, ko a wuya, wani shuɗi, wani baƙi, wani ruwan hoda. A da sai a talabijin muke ganinsa. Yanzu kuwa ya iso filayen unguwanninmu, ya shiga shagunan magani da na kayan wasanni, har a waya ana tallarsa. Ita ce filastar kinesiyo, kuma a kanta aka nemi in yi bayani yau.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan faɗi matsayina tun da fari. Filastar nan tana da amfani, sai dai amfanin ƙarami ne, kuma na ɗan lokaci ne. Takan rage wa mutum zafin ciwo har ya samu damar motsa gaɓar da ta ƙage, ya yi atisayen da zai warkar da shi. Ba ta ɗora karaya, ba ta haɗa jijiyar da ta tsinke, ba ta kuma ƙara wa tsoka ƙarfi. Wanda ya san haka zai ci moriyarta. Wanda ya ɗauke ta a matsayin magani kuwa, tana iya zama sanadin da ƙaramin rauni zai zame masa nakasa. Tsoron wannan ne ya sa na karɓi gayyatarku hannu bibbiyu.

Daga ina ta fito?

Mutumin Japan ne ya ƙirƙiro ta, Dokta Kenzo Kase, wanda ya yi karatun gyaran ƙashin baya da gaɓoɓi da hannu a yankin Shikago na Amurka. A shekarun 1970, abin da aka saba da shi shi ne farar filasta mai tauri, wadda ake naɗe gaɓa da ita tamau don a hana ta motsi. Kase ya ga tana riƙe gaɓa da kyau, amma tana takura mai ciwo, in ta daɗe kuma tana cin fata. Sai ya shiga neman wani abu mai kauri da talewa kusa da na fatar mutum, wanda majiyyaci zai tafi da shi gida ya ci gaba da harkokinsa kafin ranar da zai dawo a sake duba shi.

'Yan wasan Japan sun je da ita gasar Olamfik ta Siyol a 1988, amma duniya ba ta waiwaye ta sosai ba sai a Olamfik ta Beijin a 2008. A shekarar ce kamfanin Kinesio ya raba naɗi 50,000 kyauta ga 'yan wasan ƙasashe 58. Ba'amurkiya Kerri Walsh, 'yar wasan ƙwallon raga na kan rairayi, wadda aka yi wa aiki a kafaɗa kafin gasar, ta fito da baƙar filasta a kafaɗarta ta dama, ta kuma ci lambar zinare. Bayan shekara huɗu, ranar 28 ga Yuni, 2012, a birnin Warso, Mario Balotelli na Italiya ya zura wa Jamus ƙwallo biyu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Turai. Da ya ci ta biyun ya tuɓe riga, miliyoyin jama'a suka ga layukan shuɗiyar filasta a gadon bayansa.

Ku riƙe wannan tarihi, domin shi ne tushen ruɗanin da muke ciki. Kyauta da talabijin da taurarin wasa ne suka yaɗa filastar tun masu bincike ba su gama auna ta ba. Yaro ya ga gwani ya ci ƙwallo da filasta a baya, sai ya ɗauka ita ce sirrin. Ya manta gwanin yana da likita, da mai gashin ƙashi, da mai kula da abincinsa, da shekaru na horo.

Yadda aka yi ta

Mafi yawanta auduga ce da aka saƙa da zaren roba mai talewa. A bayanta akwai gam da aka shafa layi-layi a karkace, da 'yan sarari a tsakani, don iska da gumi su samu hanya. Ɗumin jiki ne ke sa gam ɗin ya kama sosai. Naɗin da aka fi sayarwa faɗinsa santimita 5 ne, tsawonsa mita 5. A tsaye take talewa, har ta ƙara kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na tsawonta. In an liƙa ta da kyau takan yi kwana 3 zuwa 5, ana wanka da ita.

Akwai abu biyu da nake so kowa ya fita daga ɗakin nan ya sani. Na farko, ita ainihin filastar babu magani ko ɗigo a jikinta da zai ratsa fata. Na biyu, launi ado ne kawai. Shuɗiya ba ta fi baƙa sanyaya ciwo ba, ja kuma ba ta ɗumama tsoka. Duk mai shagon da ya ƙara muku kuɗi saboda launi, kuɗin rini ya karɓa.

Me ake cewa tana yi?

Bayani uku ake bayarwa. Na ɗaya, an ce in aka liƙa ta a kan fatar da aka miƙar, da mutum ya saki jiki sai ta tattaro fatar ta yi 'yan ƙunƙurori, ta ɗaga ta kaɗan daga kan tsoka, jini da ruwan jiki su samu hanyar gudu, kumburi ya saɓe. Wannan shi ne bayanin da Kase da almajiransa suka fi dogara da shi.

Na biyu ya shafi yadda jiki ke kai saƙon zafi. A 1965 masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka kawo bayanin cewa saƙon taɓawa da saƙon zafi suna haɗuwa a laka kafin su isa ƙwaƙwalwa, kuma na taɓawa yana iya danne na zafi. Kowace uwa ta san wannan a aikace: yaro ya yi karo da ƙofa, ta jawo shi ta murza masa goshi, kuka ya lafa. Filastar da ke manne da fata dare da rana tana aika irin wannan saƙo na taɓawa.

Na uku, tana tunasar da mutum halin da gaɓarsa take ciki. Mai yawan duƙar da kafaɗu, in aka liƙa masa ita a tsakanin allunan kafaɗa, da ya fara duƙawa zai ji ta ja shi, sai ya miƙe. Ita ba ta da ƙarfin miƙar da shi. Shi ya miƙar da kansa, ita ta tuna masa.

Abin da bincike ya gano

A nan nake roƙon ku natsu, musamman ku ɗalibai, domin a nan ne ake rabuwa tsakanin mai ilimi da mai talla.

A 2014, Patricia Parreira da abokan aikinta a birnin Sao Paulo na Birazil suka gwada bayani na farko kai tsaye. Suka ɗauki mutum 148 masu daɗaɗɗen ciwon baya, suka raba su gida biyu. Rabi aka liƙa musu filastar yadda masu ita suka koyar, da ɗan ja, har fata ta yi ƙunƙurorin nan. Ɗaya rabin aka shimfiɗa musu ita kawai ba ja. Bayan mako huɗu, babu wani bambanci na a zo a gani tsakaninsu, ko a zafin ciwo ko a iya gudanar da ayyukan yau da kullum. Wato ɗaga fatar da ake ta kambamawa bai ƙara komai ba. A shekarar dai suka tattara gwaje-gwaje 12 da suka ƙunshi mutum 495, suka ce hujjojin da ke hannu ba su kai a dogara da filastar a matsayin magani ba.

A 2015, masana biyu daga Singafo, Lim da Tay, suka tattara gwaje-gwaje 17 a kan masu ciwon tsoka da gaɓoɓi da ya haura mako huɗu. Su sun samu cewa filastar ta fi zama haka nan ba a yi komai ba wajen rage zafi, amma ba ta fi sauran hanyoyin da aka saba bi ba. A shekarar kuma aka tattara wasu gwaje-gwaje 19 a kan masu lafiya, aka ga ba ta ƙara ƙarfin tsoka yadda za a lissafa. A 2021 cibiyar Cochrane, wadda ta shahara wajen tace binciken lafiya, ta duba gwaje-gwaje 23 da mutum 1,054 masu ciwon jijiyoyin kafaɗa, ta ce hujjar tana da rauni ƙwarai, ba za a iya yanke hukunci da ita ba. A Amurka ma an taɓa kai wani babban kamfanin filastar kotu bisa zargin ya wuce gona da iri wajen talla, aka sasanta a kan ya biya dala miliyan 1.75.

To, shi ke nan a watsar da ita? A'a. A 2019, ƙungiyar likitocin amosanin gaɓoɓi ta Amurka ta sanya ta cikin abubuwan da za a iya gwadawa ga masu amosanin gwiwa da na gindin babban yatsan hannu, kodayake ta ba ta matsayi na ƙasa da motsa jiki da rage ƙiba, waɗanda ta ƙarfafa su sosai. Wannan shi ne adalci. Abu ne mai sauƙin haɗari ga mafi yawan mutane, ba ya taɓa ƙoda ko ciki yadda yawan shan ƙwayoyin kashe zafi yake yi, kuma wasu suna jin sauƙi da shi. Wani ɓangare na sauƙin daga natsuwar zuciya yake zuwa, mutum ya ji an kula da shi, ya ji gaɓarsa a tallafe, tsoro ya ragu. Ni ban raina wannan ba, domin tsoron motsi yana cikin abubuwan da ke tsawaita ciwon baya da na gwiwa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sayar wa talaka natsuwar zuciya da sunan ɗori.

Inda take taimakawa

Ga dattijuwar da gwiwa ta hana ta tashi daga tabarma, in filasta ta rage mata zafi har ta iya yin atisayen ƙarfafa cinya na minti goma safe da yamma, ta yi aikinta. Atisayen ne zai gyara gwiwar, filastar ta buɗe masa ƙofa. Haka ga matashin da ke jin ciwo a gaban gwiwa in yana hawa bene, da tela ko direban da zama ya ƙagar masa da wuya da baya, da mai juna biyu da nauyin ciki ya sa mata ciwon ƙugu, bayan likitarta ta amince. Ana kuma gwada ta ga masu shanyewar ɓarin jiki da kafaɗa ke musu ciwo, da masu kumburin hannu bayan aikin kansar mama, amma waɗannan aikin ƙwararre ne a asibiti, kuma filastar ba ta maye gurbin bandejin matsi da aka tanada don irin wannan kumburi.

Ga ɗan ƙwallon da ya saba yin targaɗe a idon sawu kuwa, gaskiyar magana ita ce farar filasta mai tauri da takalmin riƙe gaɓa sun fi ta hujja wajen hana maimaituwa. Abin da aka yi don ya tale ba zai tare ƙafar da ta tashi murɗewa ba.

Akwai ma'auni mai sauƙi da nake koya wa ɗalibai. Kafin ka liƙa, ka sa mutum ya yi motsin da ke masa ciwo, ya tsuguna ko ya ɗaga hannu, ya gaya maka zafin nawa ne cikin goma. Ka liƙa, ka sa ya maimaita. In zafin ya ragu, a bar ta. In bai ragu ba, a cire, kada a ɓata masa kuɗi.

Yadda ake liƙa ta

A wanke wurin da sabulu, a busar da shi sarai. Mu nan muna da al'adar shafa mai, musamman da hunturu, kuma ko ɗan basilin kaɗan ya isa ya hana gam kamawa. In wurin yana da gashi da yawa, a rage shi da almakashi. A auna tsawon da ake buƙata a yanka, sannan a zagaye kusurwoyin huɗu da almakashi, domin kusurwa mai tsini ita ce riga ke kamawa ta fara ɓanɓarewa.

A ce tsokar bayan ƙafa, wato sha-raɓa, za a liƙa wa. Mutum ya kwanta rub da ciki, a tanƙwaro tafin ƙafarsa don tsokar ta miƙe. A yaga takardar bayan filastar kusa da baki, a manna kamar faɗin yatsu uku na farko ba tare da ja ko kaɗan ba. Sai a bi tsokar da sauran, da ɗan ja sama-sama. Yatsu uku na ƙarshe su ma a kwantar da su ba ja. Daga nan a murza ta da tafin hannu har ta yi ɗumi. A ba ta kamar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin a shiga fili ko a yi wanka.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ja da ƙarfi, wai don ta fi aiki. Abin da ke biyo baya bororo ne da saɓulewar fata, musamman a bakin filastar. Kada kuma a zagaye hannu ko ƙafa da ita a ɗaure tamau. Da bazara, lokacin da gumi ke zuba kuma ƙurajen zafi suka yi yawa, kada a jira kwana biyar. Da an ji ƙaiƙayi ko raɗaɗi, a cire nan take. Wajen cirewa kada a fizge. A jiƙa ta da mai ko ruwan ɗumi, a danne fata da yatsa, a janye a hankali ta inda gashi ya kwanta.

Ana yawan tambayata batun alwala da wankan ibada. Malaman fiƙihu sun yi bayanin shafa a kan abin da aka ɗaure ciwo da shi idan akwai lalura, kuma su ya kamata a tambaya a kan hukuncin. Abin da ya rataya a wuyanmu mu ma'aikatan lafiya shi ne mu gaya wa majiyyaci gaskiya, ko filastar lalura ce gare shi ko kuwa zai iya yi ba ita, domin a kan wannan gaskiyar malamin zai gina amsarsa.

Waɗanda bai kamata su sa ta ba

Ba a liƙa ta a kan buɗaɗɗen rauni, ko ƙuna, ko maruru, ko fatar da ke da ƙuraje. Ba a liƙa ta a wurin da ke da cutar kansa. Wanda gam ke sa wa borin jini ya guje ta, mai shakka kuma ya gwada ɗan guntu a hannu na yini guda. Tsofaffi masu fata sirara, da masu ciwon siga da ƙafarsu ta daina ji, su yi hattara ƙwarai, domin fata na iya saɓulewa ba su sani ba, kuma kun san yadda gyambon mai siga yake wuyar warkewa. Mai kumburin ƙafafu saboda ciwon zuciya ko na ƙoda, asibiti ne nasa. Haka wanda sha-raɓarsa ɗaya ta kumbura ta yi zafi haka kawai, musamman bayan haihuwa ko tiyata ko doguwar tafiya a zaune. Wannan yana iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya, kuma in ya ɓalle ya tafi huhu yana kisa. Kada a liƙa masa komai, kada a yi masa tausa, a garzaya da shi asibiti.

Babban haɗarin

'Yan'uwa masu horarwa, wannan sashe naku ne. Kun san yadda abin yake faruwa. Ana wasan kofin unguwa, saura minti ashirin, ɗan gabanku ya yi tsalle ya sauka a gefen ƙafa. Yana kwance yana riƙe da idon sawu, wurin ya fara tasowa. 'Yan kallo suna ihu a tashe shi. Wani ya zaro filasta daga jaka, aka tsallaka masa layi biyu, aka ce, "Tashi, kai namiji ne." Yaron yana jin kunya, yana kuma tsoron rasa gurbinsa, sai ya miƙe yana ɗingishi ya koma.

Hausawa sun ce jiki magayi. Zafin nan saƙo ne jiki ke aikowa, kuma hakkin yaron ne a saurara. Likitoci a birnin Ottawa na Kanada sun fitar da ƙa'ida mai sauƙi tun farkon shekarun 1990, wadda kowane koci zai iya riƙewa. In mai rauni ya kasa taka ƙafar taku huɗu, ko kuma in ka danna bakin baya ko ƙarshen ƙashin idon sawu, na ciki ko na waje, ya yi ƙara, ko ƙashin da ke gefen tafin ƙafa ta wajen ƙaramin yatsa yana masa zafi, to hoton ƙashi yake buƙata. Haka gwiwar da aka ji ta yi ƙas, ta kumbura cikin awa ɗaya ko biyu, ko take zillewa in an taka. Irin waɗannan na Asibitin Ƙashi na Dala ne a Kano, ko asibitin da ya fi kusa da ku mai na'urar hoto. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba. Minti ashirin ɗin nan na iya cinye wa yaro shekara guda, ko ma ƙwallon gaba ɗaya.

In kuwa kare 'yan wasanku kuke so ku yi, akwai abin da ya fi filasta hujja nesa ba kusa ba, kuma ba a biyan ko kwabo. Shi ne tsarin ɗumama jiki na hukumar FIFA da ake kira 11+, na kimanin minti 20, mai haɗa gudu da ƙarfafa cinya da ciki da koyon tsayuwa a ƙafa ɗaya da iya sauka daga tsalle. An gwada shi a ƙasarmu. A binciken da Oluwatoyosi Owoeye da abokan aikinsa suka wallafa a 2014, a kan ƙungiyoyi 20 na gasar matasa ta Legas, waɗanda suka bi tsarin sun samu raguwar raunuka da kashi 41 cikin ɗari. Ba a taɓa samun filastar kinesiyo da irin wannan sakamako ba.

Kammalawa

Ga masu horarwa, ina roƙon ku sa filastar a jakarku in kuna so, amma ku sa dokar cewa ba a liƙa wa sabon rauni komai sai wanda ya san aikin ya duba shi, kuma ku fara ɗumama jikin 'yan wasanku yadda ya kamata tun daga atisayen gobe. 'Ya'yan mutane amana ne a hannunku.

Ga ɗalibai da abokan aikina masu gashin ƙashi, ku koyi liƙa ta da kyau, ku kuma koyi faɗin iyakarta. Kada majiyyaci ya bar wurinku da filasta kaɗai, ba tare da atisayen da zai yi a gida ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga masu sayarwa, ku ji tsoron Allah wajen talla. Ku faɗi abin da take yi, ku bar abin da ba ta yi.

Ga sauran jama'a, ciwon da ya wuce mako biyu bai yi sauƙi ba, ko yake hana barci, ko ya zo da zazzaɓi ko rama ko mutuwar gaɓa, ku kai shi a duba tun da wuri.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kare matasanmu daga raunin da zai nakasa su, Ya sa mu amfana da abin da muka ji.